Muhimmancin Gashi da Motsa Jiki ga Wanda Aka Yi wa Dashen Hanta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibiti ya san kalmar da aka fi faɗa wa maras lafiya, wato "Kwanta ka huta, kada ka motsa." Idan ya nemi ruwa sai a miƙo masa, idan zai juya sai a juya shi, idan kuwa ya yunƙura zai tashi sai a dafa kafaɗarsa a mayar da shi. Tausayi ne ke kawo haka, kuma a al'ada wannan shi ne cikar jinya. Saboda haka mai ziyarar da ya leƙa ɗakin kulawa ta musamman a asibitocin da ake dashen hanta zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Mutum ne aka tsaga cikinsa jiya ko shekaranjiya, aka cire hantarsa, aka ɗinka masa ta wani. Ga robar ƙarin ruwa a wuyansa, ga wata a hannu, ga waɗansu suna tsotso ruwa daga ciki, ga wayoyi a ƙirji. Duk da haka sai a ga ma'aikata biyu ko uku sun tallabe shi suna zaunar da shi a bakin gado, ƙafafunsa suna lilo. Bayan kwana ɗaya ko biyu kuma a tsayar da shi, a ce ya ɗaga ƙafa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka rashin imani ne, alhali kuwa wannan zama da wannan tsayuwa suna daga cikin maganin da aka rubuta masa, kuma suna da awo da lokaci kamar yadda ƙwayar magani take da su. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa sabuwar hanta ita kaɗai ba ta isa ta miƙar da mutum ba, da kuma yadda likitan gashi ke bi daki-daki har majiyyaci ya taka da ƙafarsa ya bar asibiti.

Wane Ne Likitan Gashi?

A ƙasar Hausa ana kiran wannan fanni na kiwon lafiya da sunan "gashi", a ilmance kuma sunansa fisiyoterafi. Sunan gashi ya samo asali ne daga abin da jama'a suka fi gani a wannan sashe na asibiti, wato ɗumama gaɓa mai ciwo da fitila ko da ruwan zafi. Amma ɗumi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Ainihin sana'ar likitan gashi ita ce sanin yadda jiki ke motsi, da yin amfani da motsin wajen warkarwa. Shi ke koya wa wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki tafiya, shi ke miƙar da gaɓar da ta ƙage bayan karaya, shi ne kuma ke taimakon huhun da ya cushe da majina ya buɗe. A wajen wanda aka yi wa dashen hanta, abubuwa biyu ne suka fi damunsa: huhu da tsoka.

Hanta da Tarihin Dashenta

Hanta tana can sama a ɓangaren dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo 1.5, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke harbawa a kowane minti yana ratsawa ta cikinta. Ita ke sarrafa abincin da hanji ya tsotso, ita ke ajiye sukari domin lokacin buƙata, ita ke haɗa ruwan maɗaciya da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, ita ce kuma ke tace guba. Idan ƙoda ta gaza akwai na'urar wankin ƙoda da za ta iya riƙe mutum shekara da shekaru. Hanta kuwa ba ta da irin wannan na'ura ta dindindin, don haka idan ta lalace ƙwarai babu abin da ya rage sai a sauya ta.

Likitan da ya fara gwada wannan aiki a jikin ɗan Adam shi ne Thomas Starzl, a birnin Denba na Amurka a shekarar 1963, amma yaron da aka yi wa aikin ya rasu saboda zubar jini. Sai a 1967 ne Starzl ya yi dashen da majiyyaciyar ta rayu sama da shekara guda. A 1968 Roy Calne ya fara nasa a Kambirij ta Ingila. Babbar matsalar wancan zamani ita ce garkuwar jiki, wadda ke ɗaukar sabuwar hantar a matsayin baƙuwa ta far mata. Da aka sami maganin saikulosforin, wanda ke kwantar da garkuwar jiki, sai lamarin ya sauya, har a 1983 wani taron masana a Amurka ya amince cewa dashen hanta ya wuce matsayin gwaji ya zama magani. A 1989 Russell Strong ya yi nasarar yanko wani ɓangare na hantar uwa mai rai ya dasa wa ɗanta a Birisben ta Ostireliya. Hakan yana yiwuwa ne saboda hanta tana sake tofowa, ta wanda ya bayar da ta wanda ya karɓa duk sukan girma.

A yau, a manyan cibiyoyin dashe, kimanin mutum 9 cikin 10 suna raye bayan shekara guda da yin aikin. Da yake tsira ta zama abin da ake sa rai, sai hankalin masana ya koma kan wata tambaya: a wane hali mutum zai tashi? Zai koma gona ko aji ko kasuwa, ko kuwa zai zama sai an kwantar an tayar?

Yadda Ciwon Hanta Ke Cinye Tsoka

Yawancin waɗanda ake yi wa dashe sun daɗe suna fama da ƙandarewar hanta, wadda likitoci ke kira sirosis. Ƙwayoyin cutar shawara nau'in B da C, da yawan shan barasa, da taruwar kitse a hanta, su ne manyan masu haddasa ta. Kafin mutum ya kai ga teburin tiyata, ciwon ya riga ya yi wa tsokarsa ɓarna ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce ta rumbun sukari. Lafiyayyar hanta tana ajiye sukarin da zai ishi jiki daga cin abincin dare har wayewar gari. Hantar da ta ƙandare rumbunta ƙarami ne, kafin asuba ya ƙare. Daga nan sai jiki ya juya kan tsokarsa yana narkar da furotin ɗinta domin ya sami makamashi. Masana sun gano cewa kwana ɗaya babu ci a wurin mai wannan ciwo daidai yake da yunwar kwana biyu zuwa uku a wurin mai lafiya. Kamar magidanci ne da itacen girkinsa ya ƙare, ya koma yana zare azarar ɗakinsa yana hura wuta.

Ta biyu ita ce ta amoniya, wata guba da ke fitowa idan jiki ya sarrafa furotin. A ƙa'ida hanta ce ke mayar da ita sinadarin da ƙoda za ta fitar a fitsari. Idan hanta ta gaza sai tsoka ta karɓi wani kaso na wannan aiki, amma yawan amoniya yana hana tsokar kanta girma. Da tsoka ta ragu kuma sai amoniya ta ƙara yawa a jini, ta kai ga ƙwaƙwalwa, ta kawo ruɗewa da yawan barci.

Ta uku ita ce ta ruwan da ke taruwa a ciki. Cikin yakan kumbura ya danne tumbi, mutum ya ci loma kaɗan ya ji ya ƙoshi, numfashi ya yi masa wuya, tafiya ta zama aiki. Ruwan kuma yana ɓoye ramar, domin ma'auni zai nuna nauyi bai ragu ba, alhali damatsa da cinyoyi sun zube.

Abin lura a nan shi ne, a ranar da aka dasa sabuwar hanta ba a dasa sabuwar tsoka ba. Hantar za ta iya fara aiki cikin sa'o'i kaɗan, amma cinyoyin da suka shekara biyu suna zubewa suna nan yadda suke.

Abin da Tiyata Ke Yi wa Huhu

Dashen hanta yakan ɗauki sa'o'i 6 zuwa 12. Ana tsaga ciki a ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci daga dama zuwa hagu tare da wata tsagar da ta yi sama zuwa ƙahon zuciya. Wurin nan kuwa shi ne maƙwabcin babbar tsokar numfashi, wadda ake kira dayafaram, mai kama da kifaffiyar ƙwarya da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta sauka ƙasa iska ta shiga huhu, idan ta koma sama iska ta fita. Hanta tana manne da ita daga ƙasa, saboda haka babu yadda za a cire hanta ba a dami wannan tsoka ba. Wani lokaci ma jijiyar da ke kai mata umarni daga laka takan sami matsi yayin aikin, sai ɓangarenta na dama ya yi sanyi na ɗan lokaci. Haka nan ruwa yakan taru a kewayen huhun dama a wurin majiyyata da yawa.

Huhu kamar soso yake, cike da miliyoyin 'yan jakunkunan iska. Mai lafiya yakan ja dogon numfashi jefi-jefi ba tare da ya sani ba, wannan ne ke hana jakunkunan da ke can ƙasa manne wa juna. Wanda aka tsaga cikinsa kuwa yana tsoron dogon numfashi saboda zafi, don haka sai ya riƙa shaƙa sama-sama. Ga kwanciya rigingine, wadda ita kanta tana rage iskar da ke saura a huhu da kimanin rabin lita zuwa lita 1 idan aka kwatanta da tsayuwa. Ga kuma maganin sa barci, wanda ke rage kuzarin 'yan siraran gasun da ke share majina daga hanyoyin iska. Idan waɗannan suka haɗu sai gindin huhu ya lotse, majina ta kwanta a ciki, ƙwayoyin cuta su sami masauki. A wurin kowane majiyyaci nimoniya abin tsoro ce, balle wanda da gangan aka kwantar da garkuwar jikinsa domin kada ta ƙi sabuwar hanta.

Illar Doguwar Kwanciya

A shekarar 1966 waɗansu masana a birnin Dalas na Amurka suka kwantar da samari 5 lafiyayyu, masu kimanin shekara 20, a kan gado har mako 3. Ba su da wani ciwo, kwanciyar ce kawai ake gwadawa. Da suka tashi aka auna iyakar iskar oksijin da jikinsu ke iya amfani da ita yayin aiki mai ƙarfi, aka ga ta ragu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30, wato a 1996, aka sake nemo mutanen nan aka auna su. Sakamakon ya nuna cewa kwanciyar mako 3 ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfi.

Idan haka kwanciya ta yi wa samari masu jini a jika, ana iya kintatar abin da za ta yi wa maras lafiya. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda aka gudanar a ɗakunan kulawa ta musamman a Landan, ya auna kaurin wata tsoka ta gaban cinya, ya ga ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a cikin kwana 10 kacal. Ban da tsoka, kwanciya tana sa jini ya yi nawa a jijiyoyin ƙafa, domin tsokar sha-raɓa ce ke matsa shi ya koma zuciya a duk lokacin da mutum ya taka. Jinin da ya tsaya yana iya yin guda, gudan kuma ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu. Haka kuma hanji yakan yi sanyi, fata takan yi gyambo a wuraren da ƙashi ke dannawa, hankali kuma yakan gushe har mutum ya kasa bambance dare da rana.

Matakan Aikin Gashi

Aikin yana farawa tun kafin tiyata. Yayin da majiyyaci ke jiran samun hanta, ana auna ƙarfinsa da gwaje-gwaje masu sauƙi: ƙarfin damƙar hannu, da daƙiƙoƙin da zai ɗauka ya tashi daga kujera ya zauna sau 5 ba tare da dafawa ba, da iya tsayuwa ba tangaɗi. Waɗannan uku ne Jennifer Lai da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka haɗa a 2017 suka zama ma'aunin raunin masu ciwon hanta. Akwai kuma gwajin nisan da mutum zai iya tafiya cikin minti 6. Malami zai iya gwada waɗannan da ɗalibansa, ban da ƙarfin damƙar hannu, babu abin da ake buƙata sai kujera da agogo da fili mai tsawon mita 30. Wanda aka ga ya yi rauni sai a tsara masa tafiya da atisaye, masanin abinci kuma ya tabbatar yana samun furotin gram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, tare da ɗan abin taɓawa kafin barci domin a gajarta yunwar dare.

A wannan lokaci ne kuma ake koya masa numfashin da zai yi bayan ya farka. Amfanin koyarwar ba kaɗan ba ne. Wani bincike da aka yi a Ostireliya da Niyu Zilan, aka buga a 2018, ya ɗauki sama da mutum 400 da za a yi wa manyan ayyukan tiyata a saman ciki. Waɗanda likitan gashi ya zauna da su na minti 30 kafin aiki, ya koya musu atisayen numfashi, matsalar huhu a cikinsu ta ragu da rabi. Wanda ya koyi abu da hankalinsa a kwance ya fi saurin tuna shi fiye da wanda ake koya wa yana cikin zafi da magagin magani.

Bayan tiyata, matakin farko yana kan gado. Idan majiyyaci bai farka ba tukuna, na'ura ce ke yi masa numfashi, likitan gashi zai riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi yana miƙewa domin kada su ƙage, a ɗaga kan gadon, a riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan. Da zarar ya farka aka cire bututun numfashi, sai ya karɓi aikin da kansa. Zai ja iska a hankali ta hanci har ya ji haƙarƙarinsa na ƙasa ya buɗe, ya riƙe ta daƙiƙa 2 ko 3, sannan ya sake ta. Akan so ya yi haka kamar sau 10 a kowace sa'a muddin idonsa biyu. Asibitoci da dama suna ba da wata 'yar na'urar roba mai ƙwallo a ciki, wanda ke tashi sama idan an zuƙi iska, domin majiyyaci ya ga ƙoƙarinsa da idonsa, ko da yake na'urar ita kaɗai ba ta wadatar ba tare da tashi daga gado ba. Idan majina ta taso, ana koya masa ya rungume matashin kai a kan ɗinkin, ya buɗe baki ya huro iska da ƙarfi kamar mai son dusasar da madubi, sannan ya yi tari. Matashin yana tallafe ɗinkin ya rage zafi. Kafin kowane zama kuma akan daidaita lokacin maganin kashe zafi, domin mai jin zafi ba ya numfashi yadda ya kamata.

Mataki na biyu shi ne zama a bakin gado. Ba a yarda majiyyaci ya tashi kai tsaye daga rigingine ba, domin hakan yana jan tsokar ciki da aka ɗinke. Zai lanƙwashe gwiwoyi, ya mirgina gefe kafaɗa da ƙugu tare kamar gungume, ya sauke ƙafafu, sannan ya tura jikinsa sama da gwiwar hannu. Ma'aikaciyar jinya tana riƙe da robobi kada ɗaya ta zare, ido kuma yana kan allon da ke nuna bugun zuciya da hawan jini. Sau da yawa jiri yakan ɗebe shi a karon farko, saboda jijiyoyin jini sun manta yadda ake tura jini sama zuwa kai. Sai a jira ya lafa. A wani bincike da aka yi a birnin Marsei na Faransa, aka buga a 2017, an raba mutum 40 da aka yi wa dashen hanta gida biyu. Waɗanda aka tsananta wa atisaye tun da wuri sun zauna a bakin gado cikin kimanin kwana 3, sauran kuwa sai da suka kai kimanin kwana 10, kuma hanjin rukunin farko ya riga na ɗaya rukunin komawa aiki.

Mataki na uku shi ne tsayuwa da tafiya. Za a fara da tsayuwa a jikin gado, sai taka ƙafa a wuri ɗaya, sai komawa kujera, sai tafiya zuwa ƙofa da madogarar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Kullum ana ƙara nisa, ana rubutawa: yau mita 10, gobe 30, jibi ƙarshen baranda. A tsakani kuma ana gina tsoka da tashi da zama daga kujera, da ɗaga dunduniya, da jan igiyar roba. Mataki na ƙarshe kafin sallama shi ne hawa matakala da sauka, da shiga banɗaki, da sa tufafi ba tare da taimako ba. Wanda komai ya tafi masa daidai yakan bar asibiti cikin mako 2 zuwa 3.

Motsi Yana da Awo

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, sun kuma ce sannu ba ta hana zuwa. Likitan gashi yana aiki ne a tsakanin waɗannan maganganu biyu. Kowace safiya kafin ya taɓa majiyyaci sai ya duba sakamakon gwajin jini, ya kuma tuntuɓi likitocin tiyata. Idan ana zargin jini na zuba a ciki, ko hawan jini bai tsaya ba sai da ƙarin magani, ko oksijin ya yi ƙasa, ko hoton ciki ya nuna matsala a jijiyar da ke shayar da sabuwar hanta, to aikin ranar zai tsaya a kan gado. Yayin tafiya kuma yana tambayar majiyyaci yadda yake jin wahalar, kuma ƙa'ida mai sauƙi ita ce ya kasance yana haki kaɗan amma yana iya magana. Ciwon ƙirji, ko jiri mai tsanani, ko jini a bakin ɗinki, alamu ne na a dakata nan take.

Bincike ya goyi bayan wannan tsaka-tsaki. A 2009 masana a Shikago da Ayowa sun nuna cewa a cikin majiyyatan da ke kan na'urar numfashi, kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka fara wa atisaye da wuri sun bar asibiti suna iya kula da kansu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 35 ne, kuma kwanakin ruɗewar rukunin farko sun ragu da rabi. Amma wani babban gwaji mai mutum 750 da aka buga a 2022 ya nuna cewa matsa wa irin waɗannan majiyyata fiye da abin da aka saba bai ƙara musu kwanakin zama a gida ba, sai ma ya ƙara yawan matsaloli kamar rikicewar bugun zuciya da faɗuwar oksijin. Ashe dai motsi kamar kowane magani yake, ƙarancinsa cuta ne, wuce kima ma cuta ne.

Magunguna da Komawa Gida

Wanda aka yi wa dashe zai sha maganin kwantar da garkuwar jiki iyakar rayuwarsa, kuma waɗannan magunguna suna da tasu illa. Firednisolon, wanda ake bayarwa da yawa a farko, yana raunana tsokar cinya da ƙugu, yana zaizaye ƙashi, yana kuma ta da sukari. Takrolimus, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a Japan a 1984, yana sa karkarwar hannu, yana iya ta da hawan jini da sukari. Ƙashi yakan fi zaizayewa a watanni 3 zuwa 6 na farko, lokacin da faɗuwa ɗaya za ta iya kawo karaya a gadon baya. Tafiya da atisayen ƙarfi suna daga cikin abubuwan da ke rage duk waɗannan.

Majiyyata daga Nijeriya da maƙwabtanta sukan je ƙasashe irin su Indiya da Masar domin wannan aiki, su dawo gida ɗinkin bai gama ƙwari ba. A nan ne alhakin ke komawa kan iyali. Cibiyoyin dashe sukan hana ɗaukar abin da ya wuce kimanin kilo 5 na tsawon mako 6 zuwa 12, domin kada tsokar da aka ɗinke ta buɗe ta zama ƙaba. Bokitin ruwa mai lita 10 ya ninka wannan iyaka, haka ma jan guga da ɗaukar yaro. Tashi daga tabarma da tsuguno suna neman ƙarfin cinya mai yawa, don haka a makonnin farko kujera da gado mai ɗan tsayi sun fi dacewa. Amma kada wannan ya zama dalilin killace shi a ɗaki. Ya taka a tsakar gida safe da yamma, ya ɗauko kofin ruwansa da kansa, yana ƙarawa a hankali har ya kai minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya yi. Yana da kyau kuma ya kai takardar sallamarsa sashen gashi na babban asibitin da ke kusa da shi domin a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kammalawa

Likitan tiyata yana gama nasa aikin cikin yini guda. Mayar da tsokar da ciwo ya cinye kuwa yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Abin da aka bayyana a nan bai tsaya kan dashen hanta kaɗai ba, domin huhun wanda aka yi wa tiyatar hanji, ko matar da aka ciro wa ɗa, ko tsohon da ya karye a ƙugu, duk ƙa'ida ɗaya suke bi. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni zai same shi a jami'o'in Nijeriya da dama, kamar Jami'ar Ibadan, wadda ta fara koyar da shi a matakin digiri a 1966, da Jami'ar Bayero ta Kano. Wanda kuwa jinya ta kama shi, idan ya ga likitan gashi ya zo tayar da ɗan'uwansa kwana biyu bayan tiyata, abin da ya fi dacewa da shi shi ne ya kawar da tabarma daga hanya, ya miƙo takalmi, sannan ya tsaya a gefen da aka nuna masa.